Tamowar 'Yata Da Sukarin Maigidana: Duk Daga Tukunya Ɗaya

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, a Kano nake zaune, ɗinki ne sana'ata. Labarin nan na sha ba da shi baki da baki, a gidan suna, a layin awo, a islamiyyarmu ta matan aure, har wata aminiyata ta matsa mini in rubuta, ko Allah zai kai shi inda ƙafata ba za ta je ba. Cututtuka biyu ne suka shigo gidana cikin 'yan shekaru. Ɗaya ta kama yarinyar da ba ta cika shekara ba, ɗayar ta kama magidanci ɗan shekara arba'in da ɗoriya. Wanda ya gan su ba zai ce akwai abin da ya haɗa su ba, don ita ramewa ta yi har ana ƙirga haƙarƙarinta, shi kuwa teɓa ya ajiye, abokansa na ta ce masa kuɗi sun zauna. Amma abin da muke ci kullum ne ya share wa cututtukan biyu hanya, kuma ta cikinsa Allah ya kawo mana mafi yawan sauƙin da muke ciki yau.

A wani ƙauye na yankin Malumfashi, kudancin Katsina, na tashi. Da safe ɗumame ne ko koko, da rana fura da nono, ko dambu da zogale, ko kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, da dare tuwon dawa miyar kuka da ta ji daddawa. Wake kuwa ba ya yankewa a gidanmu, don Baba yana shuka shi a tsakanin dawa. In an aike mu gona ko itace, bakinmu ba ya hutawa: magarya, kanya, ɗinya, aduwa, goruba, tsamiya, kowanne da lokacinsa. In fara ta sauka mu kamo, Inna ta soya da yaji. Nama sai ranar kasuwa ko da Sallah. Duk wannan a wurinmu abincin talaka ne, muna ci ne kafin Allah ya kai mu birni mu huta da shi.

Ba zan ce ƙauye aljanna ba ne. In damina ta yi tsakiya, wajen Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa, gidaje da yawa tafasa suke dafawa su kwana a kanta. Na ga mata masu maƙoƙo, na ga masu ciki da dundumi ke kama su da zarar magariba ta yi. Ƙyanda in ta shigo gari sai ta tafi da yara. Sannan akwai al'adun da muka tarar, ba wanda ya taɓa tambayar dalilinsu. Ƙwan da kajinmu da zabinmu ke sakawa na sayarwa ne, yaro ba ya ci, wai zai zama ɓarawo. Tsokar da ke cikin miya kwanon maigida take tafiya, yara su samu romo. Dakashi, nonon farko mai kauri da launin rawaya, matse shi ake yi a zubar, wai datti ne.

A 2009 aka kawo ni Kano. Maigidana yana da shago a Kantin Kwari, kuma Allah ya rufa mana asiri. Nan cimarmu ta sauya gaba ɗaya. Safe shayi mai kauri da burodi, rana farar shinkafa da miyar tumatir ko garau-garau da mai da yaji, dare taliya ko indomi, in an yi tuwo to na shinkafa ne ko na masarar da aka surfe tas. Magi kuwa ba na ƙirgawa, ga dunƙule ga fari ga gishiri, duk a tukunya guda. Lemon kwalba ba ya yankewa a firji saboda baƙi. In Inna ta aiko da garin kuka da daddawa da busasshen zogale, sai su daɗe a kwando, don a unguwarmu wadda ake jin warin daddawa daga ɗakin girkinta ana mata kallon wadda ba ta waye ba. Duk matan layinmu haka muke, kuma mun ɗauka ci gaba ke nan.

'Yata ta uku tana da wata tara na gane ina da wani cikin. A 2016 ne, shekarar da kasuwa ta tsaya cak, kaya suka yi tsada, cefane ya ragu. Da manya suka ji na yi kwanika, hukunci ɗaya suka yanke: a cire ta daga nono yau ɗin nan, kada ta sha ciki. Aka shafa mini maɗaci, aka ɗauke ta zuwa ɗakin Hajiya, surukata. Hajiya na son yarinyar nan kamar ranta, ba ta taɓa barin ta da yunwa ba. Da ta yi kuka za a ɗura mata koko tsululu da sukari, wani lokaci a jiƙa mata biskit a shayi. Ba a daɗe ba gudawa ta fara. Ta tsaya, ta dawo, ta sake tsayawa. Yarinyar da ta fara rarrafe ta koma sai kwanciya. Gashinta ya yi ja, ya yi laushi, yana zuba. Dariya ta ɗauke. Kowa da abin da yake faɗi: wannan ya ce haƙori ne, wancan ya ce ai ta riga ta sha ciki, wata ta ce baki ne. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka yi hayaƙi. Da ƙafafunta da kumatunta suka fara cika, har murna aka yi, wai ta fara mayar da jiki.

Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar lafiya ce ta shigo karɓar ɗinki ta gan ta a kan tabarma. Ta danna yatsa a bayan ƙafarta na ɗan lokaci, ta ɗaga, wurin ya zauna a loɓe. Ta koma gida ta ɗauko wani ɗan tef mai launi uku, ta zagaya shi a damtsen yarinyar, ya tsaya a kan ja. Ta ce kore shi ne lafiya, daga santimita 12.5 zuwa sama, rawaya gargaɗi ne, ja kuwa ƙasa da 11.5 ke nan, tamowa mai tsanani. Ta ce wannan cikar ba ƙiba ba ce, kumburi ne, kuma yaro mai kumburin tamowa ba ya kwana a gida. "Maman yara, ɗauko mayafinki," ta ce. "Ɗinkin ya jira."

An kwantar da mu. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba su cika ta da abinci ba. Wata madara ta musamman suke ba ta kaɗan-kaɗan, dare da rana, don sun ce jikin da ya daɗe cikin yunwa in aka danna masa abinci mai nauyi lokaci guda, hanji da zuciya ba za su ɗauka ba. Sai da kumburin ya sauka, a nan na ga ainihin abin da ya rage na 'yata, kuma a ranar na yi kukan da ban taɓa yi ba. Da ta fara karɓar abinci aka koma ba ta gyaɗar nan ta leda da ake ba masu tamowa, wadda aka ceci dubban yara da ita a Maraɗi lokacin yunwar 2005. Na tambayi abin da ke ciki. Aka ce niƙaƙƙiyar gyaɗa ce da garin madara da mai da sukari, sai bitamin da sauran sinadarai da aka ƙara. Gyaɗa! Abin da muke nomawa buhu-buhu a garinmu.

Wata nas dattijuwa ce ta zaunar da ni, ta ja kujera kusa da gadon.

"'Yata, me take ci a gida?"

Na ce koko.

"Da me a ciki?"

Na ce sukari.

"Sai kuma me?"

Na yi shiru. Ta kama hannun yarinyar ta dunƙule shi, ta ce cikin yaro bai fi girman wannan da yawa ba, in kin cika shi da ruwa, ina abinci zai shiga? Ta ce koko tsululu yawancinsa ruwa ne, yana kashe kuka amma ba ya gina tsoka, ba ya haɗa jini. Yaron da jikinsa bai samu abin gini ba garkuwarsa ke faɗuwa, gudawa ta kama shi, gudawar ta ƙara zubar da ɗan abin da ya ci, haka za su yi ta zagaye har a rasa shi. Ta kuma gaya mini maganar da na so a ce duk dangina suna wurin: nonon mai ciki ba guba ba ne, mace mai lafiyayyen ciki tana iya ci gaba da shayarwa, ita dai ta ƙara cin abinci. Abin da muke kira shan ciki, mafi yawansa yayen gaggawa ne da yunwar da ke biyo bayansa.

Kafin a sallame mu sun koya mana cewa abinci aiki uku yake yi a jiki. Hatsi da rogo da dankali da mai su ne masu ba da ƙarfi. Wake, waken suya, gyaɗa, gujiya, ƙwai, nono, kifi da nama su ne masu gini. Ganyaye da 'ya'yan itatuwa su ne masu tsaro. Kwanon da ya rasa ɗaya cikin ukun bai cika ba, komai tudunsa. Ina zaune ina lissafawa a zuci, sai na ga dambun Inna da zogale da ƙuli ya haɗa ukun, fura da nono da ɗan garin kuka ta haɗa, ɗanwake ma ya kusa. Farar shinkafata da mai da yaji kuwa guda ɗaya kawai ta riƙe.

Garin kunun da suka koya mana shi ya tayar da yarinyar nan bayan an gama ba ta na leda, kuma har yau ba ya yankewa a gidana. Awo shida na gero ko dawa, awo uku na waken suya, awo ɗaya na gyaɗa. A tsince, a wanke, a shanya, a soya kowanne daban sama-sama, a cire ɓawon waken, a haɗa a niƙa. Soya waken suya wajibi ne, ɗanyensa ba ya narkewa da kyau a ciki. In za a dama, a yi shi da kauri yadda zai zauna a cokali, ba wanda za a ɗura ba. Nakan zuba ɗan manja ko man gyaɗa, wata rana garin busasshen kifi, wata rana garin zogalen da aka shanya a inuwa, don rana tana cinye amfanin ganye. Ga dafaffen ƙwai, ga faten wake da alayyafo, ga kabewa, ga gwanda ko mangwaro in lokacinsu ne. Su kabewa da karas da manja da mangwaro da hanta su ne gidan bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumin da na gani ina yarinya, kuma shi ne ɗigon da ake ba yara a baki duk wata shida. Ranar da na fara ba ta ƙwai, Hajiya ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, ƙwai fa?" Na ce, "Hajiya, likita ne ya rubuta." Daga ranar ita da kanta take dafa mata.

Daga baya na ji a rediyo cewa binciken lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Fiye da rabin 'ya'yanmu ke nan. Wannan magana tana ci mini rai har gobe. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Dawanau ya ga tirelolin wake da riɗi da waken suya da gyaɗa da ake lodawa zuwa Kudu da ƙasashen waje. Mu ke noma abin gina jiki, 'ya'yan wasu ke girma da shi, namu suna shan ruwan koko. Talauci yana da hannu, ban musa ba. Amma ni a lokacin ba mu rasa kuɗin ƙwai ɗaya a rana ba, kuɗin lemon da muke ba baƙi ya fi shi. Kuma masana sun ce kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, a nan ake gina tsawonsa da ƙwaƙwalwarsa, abin da ya kuɓuce a nan da wuya a kamo shi duka. 'Yata tana firamare yanzu, tana da ƙoƙari, alhamdu lillahi, amma duk ajinsu ta fi kowa ƙanƙanta.

Cikin da nake ɗauke da shi ma bai bar ni haka ba. A awo aka ce jinina ya yi ƙasa sosai, ga jiri, ga haki in na ɗan yi tafiya. Ba ni kaɗai ba ce, wancan binciken ya ce kashi 58 cikin 100 na matan ƙasar nan masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Aka ba ni ƙwayoyin ƙarin jini, aka ce in riƙa cin hanta da wake da ganye. Wani abu da ban taɓa ji ba sai a nan: shayi in an sha shi tare da abinci yana hana jiki tsotsar sinadarin ayon da ake haɗa jini da shi, abu mai tsami irin lemon zaƙi, gwaiba, tumatir ko garin ƙwallon kuka kuwa yana taimaka masa. Na raba shayi da lokacin cin abinci.

Da na haifi Auta, a nan aka yi ta. Na ce dakashi zai sha, don shi ne rigakafinsa na farko. Na ce ba ruwa, ba jiƙo, sai nono zalla har wata shida. A zafin Kano! Goggona ta ce zan kashe yaro da ƙishirwa. Na gaya mata abin da aka gaya mini, cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma ruwan randa ne ke kai wa jariri gudawa. Sai maganar kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin matan Hausawa masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon wuta. Kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, tana ɗaga jini, ga zuciyar da ta gama wahalar ciki. Na ce a yi mini kunun gyaɗa da na tsamiya. An yi fushi da ni na ɗan lokaci. Auta ya sha nono shekara biyu cur, yadda Alƙur'ani ya ambata, kuma cikin 'ya'yana huɗu shi ne wanda ya fi ƙarancin zuwa asibiti.

Ina ganin mun fita, sai a 2019 ta ɓullo ta wajen Maigida. Ƙishirwa ba dare ba rana, fitsari ya hana shi barci, gajiya, ido na yi masa hazo-hazo. Wani ɗan ciwo da ya ji a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Da ƙyar ya yarda ya je gwaji, don maza in dai suna iya fita kasuwa to lafiyarsu ƙalau. Aka auna sukarinsa da safe kafin ya ci komai. Likita ya ce daga 7 zuwa sama ciwon sukari ne, nasa ya kusa ninka haka. Jininsa ma ya haura 140 bisa 90 da nisa. Mahaifinsa shanyewar ɓarin jiki ce ajalinsa, saboda haka da ya dawo gida ya zauna a bakin gado bai ce komai ba, na san abin da yake tunawa.

Likitan ya ce akwai gado a ciki, amma gado shi kaɗai ba ya yin wannan aiki da wuri haka. Da aka bi cimarsa ta yini guda, sai ga ta a fili. Shayi da madara da sukari cokali uku da burodi kafin ya fita. A shago shinkafa ko taliya da lemo mai sanyi, da la'asar wani lemon, da dare tsire ko balangu a hanya, ya iso gida ya ci tuwo ya kwanta. Yini a zaune, tafiya a kan mashin. Kwalbar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da sukarin da ya haura cokalin shayi 10, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da babba zai sha a yini, a haɗa da na shayi da kunu da komai, kada ya wuce kimanin cokali 12, in ya yi rabin haka ma ya fi. Gishiri kuma ƙasa da giram 5 a yini, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba. Dunƙulen magi wajen rabinsa gishiri ne. Ni kuwa na san abin da nake zubawa a miya.

An ɗora shi a kan magani, kuma ina so a ji wannan da kyau: abinci bai maye gurbin magani ba, har yau yana sha. Masu ba da shawara sun yi mana yawa. Wannan ya ce ya koma cin alkama kawai, alhali tuwon alkama ma in ya yi yawa yana ɗaga sukari. Wancan ya ce ya bar sukari ya koma zuma, ita ma ai sukari ce. Masu mota da lasifika suna yawo da jarkoki, wai kwalba uku ta raba ka da sukari har abada. Akwai lokacin da ya ji ƙarfi ya ajiye ƙwayoyin ya kama wani jiƙo mai ɗaci da abokinsa ya kawo masa. Da aka koma gwaji sukarin ya koma inda ya fito. Tun daga nan bai sake ba.

Abin da ya yi aiki ba shi da wani sirri, kuma shi ne ya fi wuya. Na ƙi yarda a yi tukunya biyu, ta mara lafiya da ta masu lafiya, don na ga gidajen da ake haka, maigida ya ci nasa lami yana kallon na yara, bayan wata guda ya watsar. Duka gidan muka juya. Tuwon dawa da na gero suka dawo, kuma na daina bari a surfe su tas, don a dusar nan ne abin da ke sa abinci ya narke a hankali, sukari bai hau lokaci guda ba. Malmalarsa ta ragu, miya ta ƙaru: kuka, kuɓewa, karkashi, yakuwa, alayyafo, zogale. Shinkafa ba a hana ba, amma rabinta wake ne, gefe kuma kabeji da gurji da tumatir. Rabin farantinsa ganye ne kafin a zo maganar tuwo. Lemo ya fita daga gidan, zoɓo da citta da kanumfari ba sukari ya shigo. In yunwa ta taso masa a shago, akwai gyaɗa ko yalo ko dafaffen ƙwai a leda. Magi na riƙa ragewa sannu a hankali, daddawar da nake ɓoyewa ta dawo gaban murhu, tare da albasa da tafarnuwa da masoro da busasshen kifi. Makonnin farko yara sun yi ta ƙorafi wai miya ba ɗanɗano. Harshe kuwa yana sabawa, yanzu in mun ci abincin biki gishirin ne ke damunmu. Na kuma daina jefa kanwa a wake da ganye don su yi saurin nuna, tunda tana kashe wasu bitamin, gara in jiƙa waken tun dare.

Shi ma ya yi nasa. Ya koma tafiya masallaci mai nisa da ƙafa, asuba da isha'i. Wani malaminsu ya tuna masa hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a kasa ciki uku, ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Wannan ta shige shi fiye da duk bayanin asibiti. Azumi ne ya fi ba mu aiki, don buɗe-bakinmu na da soye-soye ne da kunu mai zaƙi, sai da likita ya sauya masa lokutan magani, mu kuma muka sauya faranti. Teɓar ta sauka, ciwon ƙafar ya warke, awonsa na sukari da na jini yawanci suna inda ake so. Wani lokaci sukan ɗaga, musamman bayan Babbar Sallah ko in biki ya yi yawa a dangi.

Tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a 2023 ta gwada mu, kamar kowa. A 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, nama ya zama sai an shirya. Akwai gidajen da ba su da abin ɗorawa ko kaɗan, waɗannan ba shawarar girki suke buƙata ba, taimako suke buƙata, kuma haƙƙinsu ne a kan maƙwabta da hukuma. Mu da Allah ya bar mana ɗan abin cefane, dabaru muka koma. Awara da wake da ƙuli suka tsaya a gurbin nama. Na shuka zogale a bayan ɗaki, alayyafo da yakuwa a tsofaffin buhuna, da ruwan wanke hatsi nake ba su. In kaya sun yi araha a 'Yankaba nakan saya da ɗan yawa in yanka kuɓewa in shanya, in yi kauɗar tumatir. Abu guda da ba na yarda araha ta ja ni gare shi shi ne gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, ko ta canza launi, ko take ɗaci. Akwai guba a cikinta da wuta ba ta kashewa, tana lalata hanta sannu a hankali har ta kai ga ciwon daji. Ina tsince ta in zubar, ko kaji ba na ba. Nonon da ban tabbata an tafasa madararsa ba ma ba na ba yara. Gishiri kuwa ɗan da nake sawa mai aidin ne, irin na leda, shi ne ya sa maƙoƙo ya yi ƙaranci a garuruwanmu.

Bara ƙanwata ta yi haihuwar fari, aka kai ta gida wanka, na bar ɗinki na tafi. Na tarar Inna ta tanadi kanwa ungurnu tun cikin na wata bakwai, an kuma ajiye ɗan kofin da za a ba jariri ruwa. Ban yi gardama a gaban mutane ba. Da dare na shiga ɗakinta na zauna a bakin gado, na ce, "Inna, kin tuna yadda kika ga takwararki a asibiti?" Ta ce ta tuna. Na ba ta labarin nas ɗin nan da hannun da ta dunƙule, na gaya mata zancen likitocin Zariya, na ce mata abincin da ya tayar da jikarta kuma ya riƙe surukinta nata ne, dambunta ne da daddawarta da kukarta, abu uku kawai nake roƙo a bari: zubar da dakashi, ba jariri ruwa, da kanwa. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "To, mu dai haka muka tarar. Amma ku kuka ga likita." Washegari kunun gyaɗa aka dama wa mai jego, da farfesun kaza da zogale, ruwan wankan ma aka surka shi. Kanwar ta ba maƙwabcinmu mai shanu. Yaron ya sha nono zalla wata shida, yanzu ya fara kunun gero da waken suya da gyaɗa, kuma Inna ce ke ware masa ƙwai ɗaya daga na zabinta kafin a kai sauran kasuwa.